Murhun Felet ko Murhun Gawayi: Wanne Ya Dace da Mai Gashin Nama a Amurka?

Wata biyar ke nan da na kawo murhun felet gidana da ke wajen birnin Houston a jihar Texas, kuma tun ranar da 'yan uwa suka ci kafaɗar ragon da na gasa a cikinsa da Babbar Sallah ake ta maimaita mini tambaya guda, wato ko wannan murhu ya cancanci kuɗinsa, ko kuwa gara mutum ya tsaya a kan murhun gawayin da ya saba da shi. Kafin wannan murhu na shekara shida ina gashi da murhun gawayi mai murfi, na kuma sha taya wani maƙwabcina kwana a gaban babban murhunsa na itace, don haka ina ganin zan iya jera ukun gefe da gefe in faɗi abin da kowannensu yake bayarwa da abin da yake karɓa a hannun mai shi.

Da yawa daga cikin masu tambayar ba su taɓa leƙa cikin murhun felet ba, kuma rashin sanin yadda yake aiki shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake yi a kansa. Felet garin katako ne da aka matse da ƙarfin inji har ya zama 'yan gajerun ƙwayoyi masu kaurin kusan milimita 6, kamar abincin kifin da masu kiwon tarwaɗa ke saya a gida. Ana zuba su a wani rumbu da ke gefen murhun. A ƙasan rumbun akwai murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin niƙa nama, wanda ke juyawa a hankali yana tura ƙwayoyin zuwa wani ɗan kasko da bai wuce girman gwangwanin tumatir ba. A cikin kaskon akwai sandar lantarki da ke yin ja kamar hitar dafa ruwa, ita ce ke kunna wutar a mintunan farko sannan ta mutu, fanka kuma ta ci gaba da hura iska. Akwai ma'aunin zafi a jikin bangon murhun da ke sanar da wata ƙaramar na'ura halin da ake ciki, ita kuma ta ƙara turo ƙwaya ko ta rage. A saman kaskon akwai faranti mai rarraba zafi, sai faifan ƙarfe mai tare maiƙo, sannan ragar da ake shimfiɗa nama. Ma'ana dai naman ba ya ganin harshen wuta ko kaɗan, iska mai zafi da hayaƙi ce ke zagaya shi kamar a cikin tanda.

Wani mutum mai suna Joe Traeger, wanda iyalinsa ke sana'ar kayan ɗumama gida a garin Mount Angel na jihar Oregon, shi ya ƙirƙiro wannan murhu a 1985, ya kuma yi rajistar mallakar fasahar a 1986. Shekara ashirin kamfaninsa ya yi yana cin kasuwar shi kaɗai, sai da wa'adin rajistar ya ƙare a 2006 sannan wasu suka shigo, irin su Green Mountain Grills da Camp Chef da Pit Boss da Yoder, har kamfanin Weber da aka sani da murhun gawayi ya fito da nasa a 2020. Wannan gasa ce ta sa farashi ya sauko, ta yadda a yau ana samun ƙarami da dala ɗari huɗu zuwa ɗari biyar, manya masu kaurin ƙarfe kuma su haura dala dubu biyu.

Abin da ya fara burge ni shi ne sauƙi. Na murɗa maɓalli zuwa digiri 250 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 121 a ma'aunin Salshiyos, na ɗora kafaɗar rago bayan sallar asuba, na tafi masallacin idi na dawo, na karɓi baƙi, kuma duk lokacin da na leƙa sai in tarar da zafin yana nan kusa da inda na bar shi. Bayan kimanin awa bakwai, da zafin cikin naman ya kai digiri 200, ƙashin ya zare da hannu ba tare da wuƙa ba. Wanda ya taɓa yini yana fifita gawayi da ranar Sallah, yana jin hayaniyar mutane a falo shi kuma yana waje, zai gane darajar wannan. Abin da mai murhun felet ke saya da kuɗinsa lokaci ne da barci, kuma ban raina su ba.

Amma makonnin farko ba su tafi sumul ba, kuma a nan nake son in tsaya sosai, domin a nan ne mutane ke yanke hukuncin cewa an sayar musu da lalataccen kaya su mayar da shi kanti, alhali yawancin matsalolin na sabo ne. Ranar farko murhun ya ƙi kamawa. Dalilin kuwa shi ne bututun da murɗaɗɗen ƙarfen ke ciki fanko yake a sabon murhu, kuma kafin ƙwayoyin farko su yi tafiyarsu daga rumbu zuwa kasko sandar kunnawa ta riga ta gama mintunanta ta huce. Maganin shi ne a cire raga da farantan, a bar ƙarfen ya yi ta juyawa har a ga ƙwaya ta fara faɗowa cikin kasko, sannan a kashe a sake kunnawa. Bayan haka wajibi ne a bar murhun ya ci wuta babu nama a ciki, a zafi mai yawa, na tsawon minti talatin zuwa awa guda gwargwadon abin da littafinsa ya ce, domin man da aka shafa wa ƙarfen a masana'anta ya ƙone. Wanda ya tsallake wannan zai ji warinsa a naman farko.

Abu na biyu da ya tayar mini da hankali shi ne hawa da saukar zafi. Na sa 225 sai in ga 245, can kuma in ga 210, har na fara tunanin na'urar ta sami matsala. Daga baya na fahimci cewa haka wutar itace take, ƙwaya ta zubo ta yi hayaƙi, ta kama, zafi ya hau, ta cinye ya sauko, kuma a daidai lokacin saukar nan ne hayaƙin da ke ba nama ɗanɗano ke fitowa. Bambancin digiri 15 zuwa 20 sama ko ƙasa ba ya cutar da babban yankan nama da zai yi awa bakwai. Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne yawan buɗe murfi, domin da zarar iska mai sanyi ta shiga na'urar za ta turo ƙwaya da yawa don ta rama, da an rufe kuma zafin ya zarce. Haka kuma ma'aunin da ke jikin bango ba ya faɗin zafin tsakiyar raga, inda naman yake. Na sayi ma'aunin zafi na daban na ɗora a kan raga, na kuma jera yankakken burodi a faɗin ragar na minti kaɗan, inda ya fi ƙonewa nan ne wuta ta fi ƙarfi. A nawa murhun gefen da bututun hayaƙi yake ya fi zafi, tun daga nan nake juya ɓangaren nama mai kauri zuwa can.

Matsalar da ta fi kowace haɗari ita ce mutuwar wuta cikin dare. Na ɗora ƙirjin sa da ƙarfe goma na dare, da na tashi wajen ƙarfe uku sai na tarar murhun ya yi sanyi, rumbun kuwa da sauran ƙwaya a cikinsa. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin tsakiya sun zurara sun bar rami kamar mazurari, na gefe suka maƙale a bango, ƙarfen ya yi ta juyawa babu abin da yake turawa. Wani lokacin kuma toka ce ke cika kasko ta shaƙe wutar, ƙarfen kuma ya ci gaba da turo ƙwaya har kaskon ya cika ya tumbatsa. Duk wanda ya tarar da haka, kada ya kuskura ya danna maɓallin kunnawa kai tsaye. Tulin ƙwayar da ke kan sandar zai fara fitar da farin hayaƙi mai kauri, hayaƙin ya cika cikin murhun, da wuta ta kama kuma sai ya tashi gaba ɗaya da ƙarfin da zai iya ɗaga murfin. Dole ne a sauke nama, a cire raga da farantai, a kwashe kaskon tas, sannan a kunna da murfi a buɗe. Game da naman kuma, ma'aikatar noma ta Amurka tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 40 da 140, don haka ya kamata a auna cikin naman kafin a yanke shawarar ci gaba da shi. Ni dai tun daga daren nan ba na kwanciya sai na cika rumbun na baje saman da hannu, kuma ina zuƙe tokar kasko da injin zuƙar ƙura bayan kowane gashi biyu ko uku, bayan murhun ya huce sarai.

Sai kuma laima, wadda ita ce babbar abokiyar gabar felet, musamman a gari irin Houston da iskarsa ke ɗauke da danshin tekun Meziko kusan duk shekara. Na bar ƙwaya a cikin rumbu na mako biyu, aka yi ruwa mai iska, da na dawo sai na tarar ta kumbura ta koma gari, wadda ke cikin bututu kuma ta bushe ta daskare kamar siminti, har motar ƙarfen ta yi ta gunji ba ta juyawa. Sai da na kwance rumbun na zare ƙarfen da ƙyar na kankare shi, aikin da ya ci mini yammaci guda. Ƙwaya mai kyau tana da sheƙi, kuma idan aka karya ta takan yi ƙara. Wadda ta sha danshi kuwa takan yi fari-fari ta marmashe a tsakanin yatsu. A ajiye ta a bokitin roba mai murfi, a kuma juye rumbun idan za a daɗe ba a yi gashi ba. Shi ya sa nake ba duk mai saye shawarar ya duba ko rumbun murhun yana da ƙofar juyewa a ƙasa, domin ƙaramin abu ne da ake jin daɗinsa kowane mako.

Akwai wasu kurakurai biyu da ban faɗa cikinsu ba amma na ga sun faru ga wasu. Na farko shi ne zare filogi da an gama gashi. Murhun yana buƙatar fankarsa ta ci gaba da aiki na minti goma zuwa sha biyar don ta cinye ragowar ƙwayar da ke kasko, in ba haka ba wutar na iya bin bututu a hankali ta koma rumbu. Na biyu shi ne gobarar maiƙo, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai domin rago kitse gare shi. Idan aka yi dogon gashi a ƙaramar wuta maiƙo ya taru a kan faifan ƙarfe, washegari kuma aka ƙure zafin zuwa 450 don a gasa kaza, maiƙon nan zai iya kamawa. A kankare faifan ko a shimfiɗa masa takardar alminiyom a riƙa sauyawa, idan kuma wuta ta tashi a rufe murfi a kashe murhun, kada a watsa ruwa.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake koyo cikin wata guda su wuce. Abin da ba ya wucewa, wanda kuma shi ya kamata ya raba gardama, shi ne ɗanɗano da irin wutar. Saboda fanka na hura wa ƙwayar iska ba fasawa, takan ci tas, hayaƙinta kuma siriri ne mai laushi. Wanda ya tashi da cin kifi banda ko naman da aka ƙyafe a kan itace zai ce bai ji hayaƙi ba, kuma gaskiyarsa. Ana iya ƙara shi ta hanyar fara gashin a digiri 180 zuwa 200 na awa biyun farko, da ɗora naman da sanyinsa daga firji, da sayen wani bututun ƙarfe mai huji-huji da ake cikawa da ƙwaya a kunna shi a gefen raga ya yi ta hayaƙi na wasu awanni. Zaɓen ƙwayar itacen hikori ko ta itacen meskit, wanda dangin ƙiryarmu ne, yana taimakawa fiye da ta itacen tuffa ko ceri. Duk da haka ba ya kamo babban murhun itace mai ɗakin wuta a gefe, irin wanda gidajen gashin tsakiyar Texas suka yi suna da shi, inda ake jefa faskaren itace kowane minti talatin zuwa arba'in da biyar. Naman maƙwabcina ya fi nawa ƙamshi da baƙin ɓawo, wannan ba na musunsa. Sai dai kuɗin wannan ƙamshi shi ne mutum ya kwana a zaune yana kallon launin hayaƙi, kuma irin murhun nan mai araha, mai siririn ƙarfe, yana zubar da zafi ta ko'ina har ya fi kowanne wahalar sarrafawa. In ba mutum zai iya sayen mai kaurin ƙarfe kusan milimita 6 ba, kuma yana da fili da itace da sha'awar zaman wuta, ba na ba shi shawarar wannan.

Gwajin da ya fi ba ni haske shi ne na tsire. Na yanka nama falle-falle, na tsire shi, na barbaɗa garin ƙuli da yaji, na raba biyu, rabi a murhun felet a ƙarshen zafinsa, wato wajen digiri 450 zuwa 500, rabi kuma a kan garwashin gawayi. Na felet ya nuna, amma ya fito kamar wanda aka gasa a tanda, ƙulin bai soyu ba, gefen naman bai ɗan babbake ba, kuma ya bushe kafin ya yi launi. Na gawayi kuwa cikin 'yan mintuna ya yi abin da ake nema, domin tsire da balangu zafin garwashi suke so kai tsaye, irin wanda ke dukan nama daga tukuba, maiƙo ya ɗiga ya yi ƙara hayaƙinsa ya komo jikin naman. Wasu murahun felet suna da ƙofa a jikin faifan da ake zamewa don harshen wuta ya fito, amma wurin da wutar ke kaiwa bai wuce faɗin faranti ba, ba zai ɗauki tsinke talatin ba. Fatar kaza ma haka take, a ƙaramar wuta takan yi yauƙi kamar roba, sai an kai 350 zuwa 375 take yin ƙaras, a kuma tabbatar cikin kazar ya kai 165.

Inda murhun felet ya ba ni mamaki shi ne kilishi. A nan samun rana mai bushewa irin ta Arewa da wuya, ga ƙuda ga danshi, amma a digiri 180 murhun yana busar da shimfiɗaɗɗen nama daidai wa daida cikin 'yan awanni, a tsoma a labu a mayar, ya fito da ɗan ƙamshin itace. Riƙe gawayi a wannan ƙaramin zafi na tsawon lokaci aiki ne ja.

Shi kuwa murhun gawayi mai murfi, wanda George Stephen ya ƙera a Chicago a 1952 ta hanyar raba wani ƙwallon ƙarfe na alamar cikin ruwa gida biyu, har yau ban ga abin da ya kai shi amfani idan aka dubi kuɗinsa ba. Mai faɗin inci 22, wato kusan santimita 56, bai cika wuce dala ɗari biyu da wani abu ba. Ba shi da mota ko fanka ko waya da za ta lalace, ba ruwansa da ɗaukewar lantarki, abin da mazauna Houston suka san zafinsa lokacin guguwa. Yana yin tsire da balangu, kuma idan aka jera gawayin a kewayen bango kamar maciji, aka ɗora guntayen itace a kai, aka kunna kai ɗaya, zai iya riƙe zafin 250 na awa takwas ko fiye ya gasa kafaɗar rago da hayaƙin da ya fi na felet ƙarfi. Kasawarsa biyu ce. Yana da ƙaramin ciki, don haka rabin rago ba zai shiga a lokaci guda ba, sannan sai an koyi sarrafa ƙofofin iskarsa, kuma iska ko sanyi na iya sauya lissafin, ta yadda mutum ba zai yi nisa da shi ba.

Ta fuskar kuɗin yau da kullum ba su da nisa da juna. Buhun felet mai fam 20, kusan kilo 9, yakan kama dala goma sha biyar zuwa ashirin, murhun kuma yana cin fam ɗaya zuwa biyu a awa a ƙaramar wuta, ya fi haka a babbar wuta ko cikin hunturu. Lantarkin da yake sha kaɗan ne bayan mintunan kunnawa. A kula kawai kada a ruɗu da arahar felet ɗin ɗumama ɗaki, domin ba don abinci aka yi shi ba kuma sau da yawa akwai itace mai ƙaro a cikinsa. Ya kamata kuma a sa a rai cewa sandar kunnawa da fanka da ma'aunin zafi kayan da ke ƙarewa ne, wata rana za a sauya su, don haka a sayi murhun da kayan gyaransa ke samuwa. Idan soket ɗin waje ya fara katse wuta da zarar an kunna murhu, galibi sandar ce ta fara mutuwa ko ta sha ruwa.

Akwai abubuwa biyu da suka keɓanta da mu. Ana yawan tallar murhun felet na hannu da rabin kuɗi, amma a ƙasar nan naman alade na cikin abin da aka fi gasawa a irinsa, kuma maiƙonsa yana shiga raga da faifai da bango da bututun zubar maiƙo, wuraren da wanki ba ya kaiwa da sauƙi. Ni dai sabo na zaɓa don in sami natsuwa. Sannan masu tunanin aika shi gida a kwantena su tuna cewa na kasuwar Amurka an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, ga shi ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi na nufin mutuwar fanka da haɗarin komawar wuta rumbu, ga kuma wahalar samun ƙwayar kanta. Wanda ke zaune a gidan haya mai hawa kuma ya fara tambayar masu gidan, domin dokar kashe gobara a garuruwa da yawa ta hana kunna murhun itace ko gawayi a baranda, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya halatta a kunna a cikin gareji saboda iskar gubar da ke kisa ba tare da wari ba.

Idan ɗan uwa ya zo mini yau da kuɗin murhu guda, kuma abin da iyalinsa suka fi ci shi ne tsire da balangu da gasasshiyar kaza da yamma, murhun gawayi mai murfi zan nuna masa, ya riƙe canjin ya sayi ma'aunin zafi mai kyau. Idan kuwa yana da gawayin tuni, yana tara jama'a da Sallah ko suna, yana son manyan yanka irin kafaɗa da haƙarƙari da ƙirji su nuna su yi laushi alhali shi yana wurin aiki ko yana barci, kuma yana da soket a waje da rumfar da za ta kare murhun daga ruwa, to murhun felet zai biya shi. A gidana yanzu duka biyun suna aiki tare: kafaɗar rago takan yi awanninta a murhun felet har ta yi laushi, sannan in shafa mata mai da yaji in ɗora ta a kan garwashin gawayi na minti biyar kafin a kai ta faranti.